Kafin ka rubuta cewa jaridun Legas ba sa ƙaunar Bahaushe

Wata ɗaliba mai karatun aikin jarida a unguwar Akoka ta Legas ta kawo mini tsarin kundinta na digiri na biyu. Tana son ta binciki yadda jaridun Legas ke siffanta Hausawa. Ta zaɓi Punch da Vanguard da The Guardian, ta ware makonnin rikicin kasuwar Mile 12 na Maris 2016 da na hana acaɓa a Yunin 2022, kuma tun ba ta buɗe jarida ko ɗaya ba ta riga ta san abin da za ta samu. Ramin da na faɗa ke nan, ga shi tana gab da bakinsa.

Nawa kundin na gina shi ne a kan rikicin Ketu na Nuwamban 1999 da na Idi-Araba na Fabrairun 2002. Labaran makonnin faɗa kaɗai na tara, na ƙirga, na yanke hukunci cewa ba a ambaton Bahaushe sai tare da wuƙa da gobara. To a makon rikici me za a rubuta in ba rikici ba? Ban ɗauko watan da babu tashin hankali na kwatanta ba, ban duba yadda jaridun suka siffanta ɗaya ɓangaren, wato Yarbawa, ba. Ni kaɗai na raba labaran zuwa na yabo da na suka, raina kuwa a ɓace yake. Ina da uzuri. Jaridun a ɗaure suke a laburare, wasu shafukan sun yage, kuɗin kwafi ya fi ƙarfina, kuma an kashe mutanenmu da gaske, wasu kanun labaran har yau ba na son tunawa da su. Abin da na faɗa wataƙila gaskiya ne. Amma ban tabbatar da shi ba, kuma duk mai son rusa aikin tambaya ɗaya ta ishe shi.

Wanda ya fi damuna shi ne ban tambayi kaina wane ne Bahaushen ba. A bakin ɗan rahoton Legas, Babarbare da Banufe da Bafulatani da Bazabarme daga Nijar duk Hausawa ake kiransu. Na karɓi wannan kason yadda yake, na haɗa mai sayar da albasa da ya zo cin rani da wanda aka haifi kakansa a Agege, mai jin Yarbanci kamar jakin Kano da Hausa. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila ba, saboda haka duk adadin Hausawan Legas da ka gani a takarda ƙiyasi ne, ni ma na kwafi wani na saka.

Na yi niyyar jera shawarwari goma, amma kaɗan ne suke da amfani.

'Yata, kada ki zaɓi ranaku da hannunki. Ki ɗauki shekara guda, ki jefa ƙuri'a ki fitar da Litinin biyu, Talata biyu, haka har Lahadi. Kwana 14 ke nan daga kowace jarida, kuma masu wannan fanni sun yarda ya isa ya wakilci shekarar jaridar kullum. Makonnin rikici ki ajiye su a gefe don kwatanci. Ki rubuta ƙa'idar rarraba labari kafin ki soma karatu: wa aka ji ta bakinsa, an faɗi sunansa ko ƙabilarsa kawai, shafi na nawa, hoton me aka sa. Sannan ki ba wani, gara ma wanda ba Bahaushe ba, kashi 10 cikin ɗari na labaran ya rarraba shi kaɗai. In ma'aunin Krippendorff, mai nuna yadda rabonki da nasa suka zo ɗaya, bai kai 0.8 ba, ƙa'idarki ce ke da rauni, ki gyara ta ku sake.

Sai dai kuma, in zan faɗi abin da ke raina, jaridar ma ba nan rayuwar take ba. Ki shiga Mile 12 da hantsi, bayan an sauke tumatir. Rediyo na rataye a jikin rumfa, ana jin BBC Hausa ko DW ko RFI, wadda sashenta na Hausa a nan Legas aka buɗe shi a 2007. Labarin ƙauye da farashin kwando ta saƙon murya na WhatsApp suke zuwa. Mutumin da kike wa kuka kan abin da Punch ta rubuta, mai yiwuwa bai taɓa sayenta ba. Yaran yanzu kuwa sai su tura takardar tambayoyi da Turanci ta Google Forms, abokan ajinsu su cika, su ce sun ji ra'ayin 'yan kasuwa! Wannan lalaci ne, ba wani abu ba.

Ki fara da gaisuwa a fadar Sarkin Hausawan unguwar, domin in ba haka ba za a ɗauke ki 'yar leƙen asirin hukuma. Amma kada ki bari fada ta zaɓa miki waɗanda za ki tattauna da su, dattawa maza za a jera miki, duk bakinsu ɗaya. Matan da ke cikin gida, ke kina iya shiga wurinsu, abin da ni ban samu ba. Ki nemi izini da Hausa kafin ki kunna rikoda, ki sauya sunaye, musamman na 'yan acaɓa da baƙi marasa takarda. Ki rubuta hirar da Hausa tukuna kafin ki juya ta zuwa Turanci, awa ɗaya ta magana za ta ci miki awa biyar ko shida, don haka ki tsaya a hira 20 zuwa 25.