Maganin da ba ya kashe ƙwaro nan take

Shekarar da na fara sayar da maganin ƙwari na darbejiya, wani dattijo ya dawo mini da rabin jarka, ya dangwarar da ita a bakin ƙofa. "Yaro, ruwa ka sayar mini. Na yi feshi jiya da yamma, yau tsutsa na nan tana kallona." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, mu je gonar tare." Tsutsar kuwa tana nan. Amma da na juya ganye na nuna masa, ramukan duk tsofaffi ne, bakinsu ya bushe, babu sabon ci ko ɗaya. Ya daɗe yana dubawa, bai ce uffan ba, ya dai ɗauki jarkarsa.

Rabin sana'ar nan ke nan: bayani. Manomi ya saba da maganin kamfani, yana fesawa ƙwari na zuba ƙasa. Namu ba haka yake aiki ba. Sinadarin da ke cikin ƙwayar darbejiya, azadiraktin, hana ƙwaro ci yake yi, sannan ya dagula masa saɓa, wato sauya fatar da yake yi don ya girma. Tsutsar da ta kasa saɓa ba za ta girma ta yi ƙwai ba, cikin 'yan kwanaki sai ta mace. Tun 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta cinye duk wani kore a Sudan ta bar darbejiya a tsaye, a 1968 kuma aka ware sinadarin a Ingila.

Ɗaya rabin kuwa shanya ce, nan ne ake cin riba ko a tafka asara. Muna karɓar 'ya'yan darbejiya da suka nuna, a murje ɓawon da naman, a wanke, a baza a inuwa inda iska ke wucewa. Ba a tara su da danshi. Na taɓa yin gaggawa na zuba a buhuna ba su gama bushewa ba. Bayan mako biyu na fasa ƙwaya ɗaya da haƙori, maimakon ciki mai haske sai ga baƙi, ga warin fumfuna. Buhu shida na zubar. Tun daga ranar, buhu ba ya shiga ɗakin ajiya sai na girgiza ƙwaya na ji tana ƙara cikin ƙwanso.

Mai muke matsewa daga ƙwayar ba tare da wuta ba, don zafi na rage ƙarfin maganin. Tunkuzar da ta rage ma ana saye, ana zubawa a ƙasa a matsayin taki. Wanda bai da kuɗin mai, ina koya masa na gida kyauta: giram 50 na dakakkiyar ƙwaya a lita ɗaya ta ruwa, ta kwana a jiƙe, a tace da ƙyalle mai kyau, in ba haka ba bakin famfo ya toshe. Mai kuma ba ya haɗuwa da ruwa sai an sa ɗan sabulu. Feshi da yamma, domin rana na kashe azadiraktin, shi ya sa sai an maimaita kusan duk mako.

Abin da ba na so shi ne in ji ana cewa tun da daga tsiro aka yi, ba shi da illa. Taba ma tsiro ce, kuma ruwanta guba ne da ke ratsa fatar mai feshi; an sha roƙona in haɗa, na ƙi. Rotenon, maganin ƙwari da ake samu daga saiwar wasu tsirrai, na kashe kifi. Fairetiram, wanda ake samu daga wani fure da Kenya ta yi suna wajen nomawa, yana zubar da ƙwari nan take, amma ba ya bambanta su da ƙudan zuma.

Raunin namu kayan kuma ba na ɓoye shi. Ƙarfin ƙwaya na sauyawa daga bishiya zuwa bishiya, daga shekara zuwa shekara. Saboda haka na keɓe 'yan kunyoyi a bayan wurin aiki, na bar wa darɓa da tsutsa. Duk sabon haɗi a can ake fara gwada shi, sai ya yi kwana biyar kafin in yarda a ɗura a jarka.