Asabar a Roma, ni da Gwaggo da matar sarkin Rumawa

Tun da Gwaggo ta iso Italiya ban huta ba. Sarin gwal ya kawo ta, ta gama da Arezzo inda masana'antun suke, sauran kwanakinta ta ce a wajena za ta yi su. Yau bayan azahar na kai ta Via dei Condotti, titin masu hannu da shuni. Mun tsaya a ƙofar Bulgari muna leƙe ta gilashi, ba mu shiga ba. A can ta fara ganin abin wuya na gwal da wani baƙin tsohon kuɗi a tsakiyarsa. Ta ce, "Ke 'yar nan, wannan kuma mene ne? Ƙarfe ya yi tsatsa sun naɗe shi da gwal?" Na ce mata sunan samfurin Monete, tun shekarun 1960 kamfanin yake yin sa, kuma kuɗin na asali ne na Rumawa da Girkawan dā.

Da muka gangara wani lungu sai muka tarar da ƙaramin shagon maƙerin gwal, dattijo, shi ma irin aikin yake yi amma farashinsa bai kai na can ba. Ya ɗauko mana wani abin wuya. Gwaggo ba ta tafiya sai da ɗan sikelinta a jaka. Kafin ya gama bayani ta juya shi ta nemo hatimi, ta ga 750, ta taɓe baki. Karat 18 ke nan, ita kuwa masu sayen kayanta a Kano 21 da 22 suke so, wanda ko aure ya taso ko asibiti za a kai kasuwa a karɓi kuɗi a ranar.

Kuɗin da ke ciki na azurfa ne, nauyinsa bai wuce giram 3 da 'yan kai ba. Fuskar Julia Domna ce a jiki, matar Septimius Severus da ya mulki Rumawa daga 193 zuwa 211 Miladiyya. Shi haifaffen Leptis Magna ne, a Libiya ta yau, ita kuma 'yar Homs ce ta Siriya. Gwaggo ta kafa tabarau tana kallon gashin matar, layi-layi an tattara shi a ƙeya, ta ce lallai wannan ta samu mai kitso.

Ina fassara tana lissafi. Dattijon bai ɓoye mana komai ba: a zamanin Severus kusan rabin kuɗin ne kawai azurfa, sauran tagulla, alhali a zamanin Augustus, sarkinsu na farko, kusan zalla ake buga shi. Sarakunan na buƙatar albashin soja, sai su rage azurfa su ƙara yawan kuɗin. Zuwa ƙarshen shekarun 260 azurfar da ta rage a sabon kuɗinsu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Gwaggo ta ce ashe faɗuwar darajar kuɗi ba a kanmu aka fara ba. Ya ce kuma irin waɗannan ba su da wuyar samu, don mutane sun riƙa binne su a tukwane lokacin tashin hankali. A 2010 wani mai yawo da na'urar neman ƙarfe ya gano tukunya guda kusa da Frome a Ingila, kuɗi 52,503 a cikinta.

To a nan muka rabu ni da ita. A wajenta abin da sikeli bai auna ba, ba dukiya ba ne. Gwal kaza, kuɗin aiki kaza, sauran kuɗin na mene ne? Ni kuwa abin da ya riƙe ni shi ne yadda gefen kuɗin ya suɗe, haruffan sun kwanta. Hannun masu gasa burodi da sojoji da masu sayar da man zaitun ne ya cinye shi, shekara 1,800 da suka wuce. Aikin maƙerin ma ya burge ni. Bai huda shi ba, bai kai shi kusa da wuta ba. Zobe ya ƙera na gwal daidai da karkatattun gefensa, ya lanƙwasa baki ya riƙe shi, ya bar bayan a buɗe. Duk ran da aka so a cire shi zai fito yadda ya shiga. Waɗanda ake gogewa su yi ƙyalli kamar jiya aka buga su, a ganina ɓarna ce. Rumawan da kansu ma sun riƙa saka kuɗin zinariyarsu a sarƙa, musamman a ƙarni na 3. Na tuna wa Gwaggo azurfar nan mai hoton Maria Theresa, sarauniyar Austria, da shekarar 1780 a jiki, wadda tsofaffinmu suka yi ado da ita. Ta ce wannan ai azurfa ce mai nauyi, ko narka ta aka yi ba a yi asara ba.

Sai ta juya bayan kuɗin ta ga mace a tsaye. Ta tambaya. Dattijon ya ce Juno ce, abar bautarsu. Nan take ta ajiye shi a kan tebur. "Gunki zan kai wa matan mutane su rataya a wuya su yi salla da shi? Allah ya kiyaye." Ban yi musu ba, don ni ma ba zan saka shi ba.

Dattijon ya ƙara da cewa ko ta so, sai an nemi takardar izinin fita da shi, domin a dokar Italiya tun 1909 abin tarihin da aka tono a ƙasa mallakar gwamnati ne, wanda ke hannun 'yan kasuwa kuma dole a san asalinsa. Ta ce ta gode, kayan da ke zuwa da wahalar takarda ba nata ba ne.

Ta sayi 'yan kunne guda biyu marasa ado, bayan ta matse shi ya yi ragi har sau biyu. Mun dawo a bas ƙafafuna na zogi. Ta sa ni na dafa mata shayi, yanzu tana waya da Kano tana tambayar nawa giram ya kwana.