Maganin da ake jiƙa wa kaji, da cutar da ke ƙin jin magani a jikin mutum

Da 'yan tsaki sun sauka a gidan gona, abin da yawancin masu kiwo ke fara yi shi ne jiƙa musu magani a ruwa, ko da lafiyarsu ƙalau, wai rigakafi. Magungunan antibayotik ne masu yaƙi da ƙwayoyin bakteriya: oxytetracycline, tylosin, enrofloxacin, wani lokaci har da colistin.

Hanjin kaza cike yake da ƙwayoyin bakteriya, ciki har da Salmonella, Campylobacter da E. coli. Idan maganin ya shiga da ƙarfin da bai kai ba, raunana ne ke mutuwa, masu taurin kai kuwa su samu fili su hayayyafa. Kuma rage ƙarfin magani ba shi da wuya: awo da murfin kwalba maimakon bin giram nawa za a zuba a lita nawa, dakatarwa a rana ta biyu don kaji sun koma cin abinci, ko barin ruwan maganin ya yini a rana ya kwana. Akwai wani dalili da ba kowa ya sani ba. Tetracycline, wato dangin su oxytetracycline, yana haɗewa da sinadarin kalsiyam, don haka ruwan rijiya mai zartsi, ko abincin kajin ƙwai mai yawan garin ƙashi, yana rage abin da jikin kazar ke tsotsa. Cututtukan kaji na Gumboro da Newcastle kuwa bairos ne ke kawo su, antibayotik ba ya taɓa su, allurar rigakafi ce kariyarsu.

Ina ruwan ɗan Adam da wannan? Enrofloxacin ɗan'uwan ciprofloxacin ne, wanda likitoci ke bayarwa ga taifot da gudawa mai tsanani. Ƙwayar da ta gagari na farko yawanci takan gagari na biyu. Shi ya sa Amurka ta hana ba kaji enrofloxacin a 2005, Tarayyar Turai kuma ta haramta amfani da antibayotik don ƙara ƙibar dabbobi a 2006. A 2015 masana a China suka gano ƙwayar halitta mai suna mcr-1 a jikin E. coli na aladu, wadda ke sa bakteriya ta jure wa colistin, kuma tana iya tsallakawa daga wata bakteriya zuwa wata. Colistin na cikin magungunan da asibiti ke komawa gare su idan sauran sun gaza.

Wuta dai ba ta san mai jure wa magani ba. Idan tsakiyar cinyar kaza ta kai digiri 75 a ma'aunin salshiyos, ƙwayar ta mutu. Ba ta dafaffen nama take yawan shigowa ba, ta gefe take bi: ruwan zafin figa guda ɗaya da ake tsoma kaji da yawa a kasuwa har ya huce, wuƙar da ta fasa ciki sannan ta yanka albasa da kabejin da za a ci ɗanye, katakon yanka mai tsage-tsage, ruwan wankin kaza da ya fantsama kan faranti. A ware wuƙa da katakon nama daban, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa kayan ganye. Ɗanyen kashin kaji da ake zuba wa latas a lambu ma hanya ce. A tara shi a riƙa juyawa har ya yi zafi ya ruɓe kafin a kai shi fadama.

Ragowar maganin kansa a cikin nama lissafinsa daban ne, dahuwa ba ta kawar da shi gaba ɗaya. Kowace ledar magani tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin yanka, kuma sun bambanta daga magani zuwa magani. Wasu ma an rubuta ƙarara kada a ba kajin da ke yin ƙwai. Haka nonon saniyar da aka yi wa allurar oxytetracycline mai daɗewa a jiki, ba na kaiwa kasuwa ba ne sai kwanakin sun cika.