Tukunyar fure mai haske da dare, da abin da ake yankewa a bidiyo

Hoton ya daɗe yana yawo a Facebook da Pinterest: tukwanen fure jere a bakin baranda suna haske kamar fitila, wai fentin nan mai haske a duhu kawai aka shafa musu. Na gwada. Na wanke tukunyar ƙasa, na yi mata shimfiɗar farin fenti, na bi da mai hasken sau uku, ina barin kowane shafi ya bushe. Ta wuni a rana. Bayan isha'i sai da na kashe ƙwan tsakar gida kafin na hango ɗan kore-kore a jikinta.

Dalili shi ne fentin ajiye haske yake yi, ya riƙa sakinsa a hankali, kuma ƙarfinsa a mintunan farko yake. Tun magariba yake zubar da shi, kafin gari ya yi duhu sosai. Ku duba hoton da kyau: hasken yana zuba a ƙasa, har da inuwa a bango. Fenti ba ya haka. Na sa hoton a Google Lens, manhajar da ke nemo asalin hoto, sai ga tukwanen roba masu ƙwan LED a ciki, na sayarwa.

Tukunyar furen da ake yi da tawul da siminti kuwa gaskiya ce, lokacin da aikin ke ci ne ake sacewa. A bidiyo an tsoma tawul a siminti, an kifa shi kan bokiti, sai a yanke bidiyon, sai ga tukunya. Ba a nuna an jiƙa tawul ɗin an matse ba, alhali busasshe shanye ruwan kwaɓin yake yi. Ba a nuna ledar da ake rufe bokitin da ita ba, in babu ita siminti ya kama shi ke nan. Kwaɓin ya yi kaurin kunu, a sa safar hannu domin siminti na cin fata. A bar shi a inuwa awa 48, a yi ta yayyafa ruwa har kwana 7, cikakken ƙarfi sai kwana 28. Wadda na shanya a rana ta tsage tun daga baki.

Yanzu in bidiyo bai faɗi awo ba, bai nuna abin bayan ruwan sama ya dake shi ba, ko na ga launin tawul ya sauya bayan an yanke bidiyon, wucewa nake yi.