Daga Maradi zuwa Rio Negro, wajen dabbar ruwa mai launin hoda

Na bar Maradi a watan Yuni, gulbinmu bai kawo ruwan kirki ba tukuna, sai yashi. Na iske Manaus ta ƙasar Burazil daidai lokacin da kogin Rio Negro ya cika ya batse, ya kutsa daji har itatuwa sun nutse iya wuya. Tsakanin cikarsa da janyewarsa ruwan kan hau mita 10. Mota ta kai mu Novo Airão, wajen kilomita 180 daga Manaus, daga nan sai kwalekwale.

Abin da na je gani dolfin ne, dabbar ruwa mai launin hoda da mutanen wurin ke kira boto. Ba kifi ba ne. Kamar ayu na kogin Isa yake: haihuwa yake yi, ya shayar, ya taso ya shaƙi iska, sai dai shi ta ƙofar da ke tsakar kansa yake shaƙa. Babban namiji kan kai mita 2.5 da kilo 185.

Launin shi ne ya kai ni. Jaririn boto ruwan toka ake haifar sa. Da girma tokar ke kodewa, jinin da ke gudana a ƙananan jijiyoyi dab da fata ya fara bayyana, shi ya sa in ya yi gudu ko ya harzuƙa sai ka ga ya ƙara ja nan take. Sai kuma tabo. Maza na cizon juna a kan mata, suna gogar saiwoyi da rassa wajen farauta, kuma inda rauni ya warke hoda yake zama. Wanda ka ga ya fi kowa rinewa, galibi tsohon namiji ne da ya sha faɗa. Mata da yawa toka-toka suke, sai ciki kawai ke da hoda.

Abu biyu ke ruɗa baƙo. Ruwan Rio Negro kamar shayi yake saboda ganyen da ke ruɓewa cikinsa, don haka boto na ƙarƙashi ruwan goro yake fitowa a hoto. A jira ya ɗago bayansa kafin a ɗauka, kuma daƙiƙa ɗaya ko biyu kawai yake bayarwa. Na biyu, akwai tucuxi, ƙaramin dolfin mai toka. A dubi baya: na tucuxi akwai tsini mai kusurwa uku, na boto doro ne dogo kwance. Boto kuma ga dogon baki, ga wuya da yake juyawa gefe sarai, domin ƙasusuwan wuyansa ba a haɗe suke ba. Da haka yake ratsa itatuwan da ruwa ya ci.

Matuƙinmu ya kashe inji a bakin wata mahaɗar ruwa inda kifi ke taruwa, ya ce a yi shiru. Numfashinsu muka fara ji, fuu, kafin mu gan su.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne labarin tafkin Tefé, wani tafki a yankin Amazon na Burazil. A lokacin farin da aka yi a 2023 zafin ruwansa ya haura digiri 39, dolfin sama da 150 suka mutu cikin makonni kaɗan. Mu da muka san gulbi na ƙafewa, ban taɓa zaton zan ji ruwa ya yi zafin da zai kashe na cikinsa ba.