Kwana biyu ina neman cutar da babu ita

Gyaran rediyo da amfilifaya ne sana'ata, shekara 11 ke nan ina da rumfa a Tsohuwar Panteka. Kunnena ne jarina. In takardar sifika ta fara yagewa, ni nake riga mai ita ji. To wannan kunnen da nake taƙama da shi, shi ya ba ni kunya a hunturun bara.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya aiko jikansa da tsohuwar amfilifayarsa da na'urar sidi da sifiku biyu, wai ɓangare ɗaya yana shaƙewa. Aikin bai taka kara ya karya ba. Kafasita biyu ne suka kumbura, na canza su, na wanke makunnin ƙara da ƙura ta cika. Da na zo gwaji sai na tarar da faifai a cikin na'urar. Na danna, na tsallaka can tsakiya kamar yadda muka saba, don mai gyara ba ya jiran gabatarwa. Sai wani abin busa ya kwarma ihu, muryarsa a dishe, tana tsagewa gida biyu, ganguna kuma suna zuba kamar ƙanƙara a kan rufin kwano. Na yi maza na kashe. Na ce shi ke nan, sifika ta tafi.

Kwana biyu na yi a kanta. Na kwance ta, na haska takardar da tocila, na matsa da yatsa ko zan ji kwayil yana gogar maganaɗisu. Lafiya lau. Na sa karatu, ya fita tangaram. Na sa waƙar fim, fes. Na mayar da faifan Kawu, ihun nan ya dawo. Sai na yanke hukunci cewa faifan ne ya lalace, na ɗora kayan a Keke bayan sallar isha'i na nufi Tudun Wada.

"Kawu, kaya sun gyaru, amma faifan nan naku ya mutu."

"Kunna mini wurin da ya mutun."

Na kunna. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na miƙa masa ruwa. Da ya samu numfashi ya nuna mini kujera ya ce, "Zauna, ɗan nan. Sifikarka lafiyarta ƙalau. Mutum ne yake wannan kukan, kuma da gangan yake yi."

Kawu tsohon makanikin injinan saƙa ne, ya yi aiki a Kakuri tun masaƙu na tashe. An tura shi kwas Ingila yana saurayi, ya dawo da akwati guda na faya-fayan garmaho maimakon kwat da agogo. A danginmu ko tukwane ne suka zube a kicin sai wani ya ce "kiɗan Kawu." Ni ma da ni ake wannan zolaya, ban taɓa zama na ji ko faifai ɗaya ba.

Ya gindaya mini sharaɗi. Waya a kashe. Daga farko har ƙarshe, ba tsallake. Ba magana. Sannan ya ce kada in yi ƙoƙarin jin komai a lokaci guda, in zaɓi mutum ɗaya cikin huɗun in bi shi kamar yadda ake bin ɗan jagora a kasuwar da ba a sani ba. Ya ce in fara da mai ganga.

Mutum huɗun su ne John Coltrane mai busa saksafon, McCoy Tyner a kan fiyano, Jimmy Garrison da bas, wato ƙaton gogen nan mai tsayin mutum da ake tsinkar tsirkiyarsa da yatsa, sai Elvin Jones a kan ganguna. Wasan an yi shi ranar 26 ga Yuli, 1965, a bikin kiɗan jaz na Antibes, bakin teku a kudancin Faransa. Abin da suka kaɗa shi ne A Love Supreme, kiɗa mai kashi huɗu, wanda suka riga suka ɗauka a situdiyo ranar 9 ga Disamba, 1964. Na situdiyon minti 33 ne. A gaban jama'a ya kai wajen minti 48, kuma inda ya ƙaru ɗin nan ne na faɗa a rumfata. Kashi na uku, wanda bai cika minti 11 ba a situdiyo, a Antibes ya haura 20.

Daren farko ba mu kai ko'ina ba, ana cikin kashi na biyu aka ɗauke wuta. Na ce in tayar da janareto. Kawu ya ce a'a, ƙarar inji tana cinye bas, in dawo gobe. Washegari muka faro daga tushe.

Ana buɗewa, bayan ɗan sharar fage, bas yake shigo da wasu sautuka huɗu yana maimaitawa. Ina jinsu na ce a raina, ai wannan take ne. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san abin. Mai kalangu ya ɗauko taken ɗan dambe, gajere ne, yaro ma zai iya riƙe shi, amma da an kaɗa jikin mai shi ya ɗau tsuma. Coltrane ya ɗauki taken nan yana jujjuya shi, ya kai shi sama, ya sauko da shi, ya karya shi, ya sake haɗawa. Da ban tsallake farkon ba a rumfa, da na riƙe bakin zaren. Na shiga gidan mutane ta katanga, sannan na ce ba su iya gini ba.

Amma ni mai ganga aka ce in bi, kuma a nan na sha mamaki. Ina jiran bugu ɗaya tsayayye da zan kaɗa ƙafa a kai, irin na waƙoƙin da ake haɗawa a kwamfuta yanzu. Elvin Jones ba ya ba ka wannan a tafin hannu. Hannunsa na dama yana kan faifan tagulla yana tafiya, na hagu yana cusa bugu uku a inda kake tsammanin biyu, ƙafafu kuma suna nasu zancen. Da farko kamar kaya ne ke gangarowa daga bene. Can wajen minti goma sai na ga ƙafata tana motsi da kanta, kuma a daidai take sauka. Lokacin yana nan, ya raba shi ne ga gaɓoɓinsa huɗu. Abin haushin ma, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makaɗan kalangu haka suke, ƙaramar ganga ta riƙe ƙafa, babban ya yi ta ratse yana dawowa, uku na hawa kan biyu, mata na rawa ba wanda ya ɓata. Na taso cikin wannan, amma da ya zo mini a rigar Amurka sai na kasa gane shi.

Sai muka iso wurin da na ce ya mutu. Kashi na uku da gangunan Jones kaɗai yake farawa, sannan sauran su shigo a guje. Tyner ya yi nasa, hannun hagu yana dukan fiyano kamar mai sassaƙa turmi, na dama yana zuba kamar an kwance tsakiya. Coltrane ya karɓa. Ana cikin haka sai na lura fiyano ya yi shiru. Aka bar mai busa da mai ganga fuska da fuska. Na ajiye sharaɗin Kawu na bin mutum ɗaya, don ba a kallon dambe da ido a kan mutum guda. Coltrane ya jefa gajeren zance, Jones ya mayar masa kafin ya rufe baki. Ya maimaita da ƙarfi, aka mayar masa da wanda ya fi. Ya haura sama har inda saksafon ya ƙare, bai tsaya ba, ya matsa wa bakin busar iska fiye da kima har sautin ya tsage, murya biyu suka fito a tare, ɗaya a ƙasa tana gurnani, ɗaya a sama tana ƙara. Wannan tsagewar ce na kwana biyu ina nema a cikin kwayil.

A sana'armu tsagewar sauti cuta ce. Amma na tuna hawan sallah a Zariya, mai algaita ya cika kumatu, sautin yana huda kunne daga nesa, dawakai na zabura. Ban taɓa jin wanda ya ce a kai algaita gyara ba. Haka mai kirari in abin ya kai masa, murya takan dushe, kuma dushewar ce take tayar da tsikar jiki. Bambancin tsagewar sifika da ta mutum, na gane a daren nan, ita ta sifika ba ruwanta da zance, duk inda ƙara ta kai wani matsayi za ta zo. Ta Coltrane kuwa sai ya gina mata hanya, ya matso, ya ja baya, ya sake matsowa, sannan ta zo a inda kai ma ka ji ba sauran abin faɗa da lafiyayyar murya.

Bayan wannan guguwa kowa ya janye aka bar Garrison shi kaɗai. Nan na gane dalilin hana tayar da janareto. Yana tsinkar tsirkiya ɗaya-ɗaya, can kuma ya share su gaba ɗaya da yatsu kamar mai garaya. Ana jin katakon yana amsawa. A sifikar waya wannan wurin kusan shiru za ka ji, ka ɗauka faifan ya tsaya. Na gwada daga baya.

Da aka gama Kawu ya zuba mana shayi daga fulas, sannan ya buɗe baki. Ya ce jaz na da yana da zagaye ƙayyadadde, galibi gida 12 ko 32, kowa ya yi fasaharsa a kai amma dole ya bi zagayen ya dawo. A 1959 wani Ornette Coleman ya iso New York da farin saksafon na roba, su huɗu ba mai fiyano, ya ajiye zagayen ya ce kunne ya ja gaba. Masana suka rabu biyu, wasu na cewa sabon zamani, wasu na cewa bai iya ba ne. A Disambar 1960 ya ɗauki faifan da ya sa wa suna Free Jazz, da mutum takwas, huɗu a sifikar hagu, huɗu a ta dama. Wannan ya burge ni a matsayina na mai gyara, don in ɓangare ɗaya ya mutu ka yi asarar rabin makaɗan ke nan. Daga sunan faifan aka samu sunan salon, abin da ni nake kira sakakken jaz.

Kawu ya ce wasan Antibes bai gama sakewa ba, ƙafa ɗaya a ruwa take, ɗaya a gaɓa, shi ya sa ya dace da ɗan koyo. Wata guda kafin nan, ranar 28 ga Yuni, Coltrane ya tara mutum 11 har da shi sun ɗauki Ascension, wanda ya fi wannan nisa sosai. Zuwa farkon 1966 Tyner da Jones duk sun bar ƙungiyar. Wato abin da muka ji, mutum huɗu ne da suka yi shekaru tare har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa, ana gab da rabuwa.

Ya kuma gaya mini abin da ya sa kukan ya yi kama da roƙo. Kakannin Coltrane biyu duk limaman coci ne. Shi kuma ya yi fama da giya da hodar iblis irin ta allura, ya rabu da su a 1957, kuma a jikin kwalin faifan A Love Supreme ya rubuta da kansa cewa aikin godiya ce ga Ubangiji. Kashi na huɗu a situdiyo, addu'ar da ya rubuta yake bi da busa, gaɓa bayan gaɓa, kamar yadda kalangu yake faɗin magana ba da baki ba. A nan ni da Kawu muka saɓa. Ni na fi son wannan kashin a faifan situdiyo, ya fi natsuwa. Na Antibes zafin kashi na uku bai gama sakinsa ba. Kawu ya ce wanda ya fito daga fagen fama ba ya addu'a da sanyin murya. Har yau ba mu daidaita ba.

Tun daga nan na ji wasan ya fi sau goma, kowane karo da wanda nake bi. Ranar da na bi Tyner na gano cewa shirunsa ma aiki ne, ya san lokacin da hannunsa zai tare wa mai busa hanya. A rumfa kuwa na daina gwada kaya da tsakiyar faifan da ban sani ba. Na taɓa kunna wa maƙwabcina mai walda, ya saurara minti biyu ya ce injinsa ya fi wannan daɗi. Ban ja da shi ba, nan da Panteka ba wurin jin bas ba ne.

Watan jiya Kawu ya ce na isa a ƙara mini. Ya ɗauko wasan da aka ɗauka ranar 23 ga Afrilu, 1967, a cibiyar al'adun Afirka da Babatunde Olatunji, makaɗin nan ɗan Najeriya daga wajen Badagry, ya buɗe a unguwar Harlem ta birnin New York. Abokin Coltrane ne. Bai cika wata uku ba bayan wasan Coltrane ya rasu, ranar 17 ga Yuli, yana da shekara 40. A nan masu busa biyu ne, Rashied Ali ne a kan ganguna, matar Coltrane, Alice, a kan fiyano, kuma ɗaukar ma ba ta yi kyau ba, makirfon yana cika yana tumbatsa. Wannan karon har da tsagewar da na sani ta sana'a.

Na gyara zama, na zaɓi mai ganga, na nemi inda zan sa ƙafa. Babu. Na daure minti tara, sannan na ce, "Kawu, bari in duba ko na kulle Keken mutane a waje."

"Da ƙafa ka zo," in ji shi, ya miƙa hannu ya ƙara murya.