Ciwon fargaba a yara: ina yake kai su bayan shekaru?

"Ƙyale shi, in ya girma zai daina." Abin da aka saba faɗa ke nan kan yaron da ciwon ciki ke murɗa duk safiyar makaranta, amma ranar Asabar ya tashi garau. Wani sa'in gaskiya ne: ƙiwar jariri ɗan wata takwas da tsoron duhun ɗan shekara huɗu duk masu wucewa ne. Wanda likitoci ke kira ciwon fargaba shi ne wanda ya daɗe har ya hana yaro karatu, barci ko wasa da sa'o'insa.

Irin wannan bai cika ɓacewa ba, kama yake sauyawa. Ɗan shekara 7 da ba ya iya rabuwa da uwarsa na iya zama ɗan 13 da ko kiran sunansa aka yi a aji sai gabansa ya faɗi, daga baya kuma ciwon damuwa ya biyo. Yarinya ta fi saurin kuɓuce wa ido, domin shirunta kunya ake ɗaukarsa, har a yaba mata.

A Amurka an gwada magani a kan yara 488 masu shekara 7 zuwa 17, sakamakon ya fito a 2008. Bayan mako 12, kashi 81 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa wa ƙwayar sertraline da zaman horon tunani da ɗabi'a, wato CBT, sun samu sauƙi sosai. Masu CBT kaɗai kashi 60, masu ƙwaya kaɗai 55, masu ƙwayar da ba magani a cikinta 24. Sai aka ci gaba da bibiyar 319 daga cikinsu. Rahoton 2018 ya sanyaya gwiwa: kusan kashi 22 ne kawai suka warke suka zauna lafiya, kashi 30 ciwon bai sake su ba, kashi 48 kuma yana tafiya yana dawowa. Wannan ba ya nufin magani bai yi ba. Waɗanda suka samu sauƙi tun farko su suka fi dacewa daga baya. Kuskuren shi ne a ɗauke shi kamar zazzaɓin cizon sauro, a sha na kwana uku a manta.

Gudu ne abincin fargaba. Yaro ya yi kuka a ƙofar makaranta, uwa ta ji tausayi ta koma da shi gida, nan take ya huce. Wannan hucewar ce ke koya masa cewa gudun ne ya cece shi, gobe kukan sai ya fi na yau. Haka amsa masa tambaya ɗaya sau goma, ko yin magana a madadinsa gaban baƙi.

Shi ya sa aikin rage wa yaro tsoro yake bin tsani, mataki-mataki. A rubuta abubuwan da yake tsoro, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. A fara da mai 3 ko 4, misali ya miƙa wa mai shago kuɗi da kansa, uba na tsaye nesa kaɗan. A maimaita kullum har makin ya sauka, sannan a hau na gaba. Inda ake ɓata aikin wuri biyu ne: tsallakawa zuwa mai 9 da ƙarfin tsiya, ko janye yaron daidai lokacin da tsoron ya kai ƙololuwa.

Ƙwaya kuwa sai da likita. A makonnin farko a sa ido kan rashin natsuwa ko maganar cutar da kai. Akan ci gaba da sha kusan shekara bayan samun sauƙi, kuma a hankali ake ragewa, ba a yankewa rana ɗaya.

Dawowar ciwon tana da lokutanta: ƙarshen dogon hutu, shiga makarantar kwana, ƙaura, rasuwa a gida. Mako biyu kafin a koma makaranta, a ɗauko tsohuwar takardar tsanin nan a sake bi daga ƙasa.